Ranar Awo a Ɗakin Likitan Iyali: Aikin da Ba a Yi wa Kirari

GABATARWA

Idan aka ambaci aikin likita, abin da yakan fara faɗo wa mai sauraro a rai shi ne babban asibiti da ɗakin tiyata, da ƙwararren da ya tsaga ciki ya ciro ƙari ya ɗinke, mara lafiya ya miƙe ya koma gida. Irin wannan likita shi ake yi wa kirari, kuma shi ne 'yan makaranta suke burin su zama. Akwai kuwa wani likitan da ba a cika jin labarinsa ba, watau likitan iyali, wanda yake zaune a tsakiyar unguwa yana auna jinin tsofaffi, yana duba ƙafafun masu ciwon sukari, yana aika wa iyaye takardar tuni cewa lokacin allurar jariri ya yi. Aikinsa maimaici ne, na jiya shi ne na yau, kuma idan ya ci nasara babu wanda zai gani, domin nasarar tasa ita ce cutar da ba ta zo ba.

Wannan maƙala za ta dubi ayyukan yau da kullum da ake gudanarwa a ɗakin likitan iyali, za ta kuma ɗauki ƙasar Birtaniya a matsayin misali, saboda can ne tsarin ya daɗe da kafuwa har aka ga amfaninsa da aibinsa. Ra'ayin da za a kare a nan shi ne, waɗannan ranakun awo da allura da bibiya su ne ƙashin bayan kiwon lafiyar jama'a, amma ba sa yin amfani sai sun tsaya a kan rajistar mutane da kuma sanayya mai tsawo tsakanin likita da wanda yake dubawa. Duk inda aka rasa waɗannan biyu, to, ranar awo takan koma cika takarda kawai.

ASALIN TSARIN

Kafin 1911 talakan Birtaniya yakan biya likita daga aljihunsa, ko kuwa ya shiga wata ƙungiyar taimakon juna wadda take ɗaukar likita da kuɗin karo-karo. A wannan shekara ne David Lloyd George, wanda yake ministan kuɗi a lokacin, ya kawo dokar inshorar ƙasa, wadda ta ba ma'aikata masu ƙaramin albashi damar ganin likita ba tare da biya ba. To amma dokar ta bar matan ma'aikatan da 'ya'yansu a waje. Sai ran 5 ga Yuli, 1948, aka kafa Hukumar Lafiya ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NHS, a ƙarƙashin ministan lafiya Aneurin Bevan, aka ce daga ranar kowa yana da haƙƙin ganin likita kyauta, kuɗin kuwa daga haraji za a biya.

Likitocin iyali sun ƙi yarda su zama ma'aikatan gwamnati masu albashi, saboda haka aka bar su a matsayin 'yan kwangila masu zaman kansu, kuma har yau yawancin ɗakunan likitocin haka suke. Abin lura a nan shi ne yadda ake biyan su. Kowane mutum yakan yi rajista da ɗakin likita guda a yankinsa, hukuma kuma ta biya ɗakin wani adadi a kan kowane kai a shekara, ko mutumin ya zo ko bai zo ba. Wannan ya bambanta ƙwarai da tsarin da ake biyan likita bisa yawan allurar da ya yi ko ruwan da ya ƙara. Wanda ake biya a kan kai ba ya cin ribar rashin lafiyar mutanensa, hasali ma hutunsa yana cikin lafiyarsu. Bugu da ƙari, in ban da larurar gaggawa, ba a zuwa wurin ƙwararre a babban asibiti sai da takardar likitan iyali, watau shi ne mai tsaron ƙofa.

A shekarun farko likita yakan yi aiki shi kaɗai, sau da yawa a wani sashe na gidansa, yana jiran wanda ciwo ya koro. A 1952 aka kafa Kwalejin Likitocin Iyali domin ɗaga darajar fannin. A 1966 aka yi yarjejeniyar da ta sa hukuma ta riƙa taimaka wa likitoci da kuɗin gini da na albashin ma'aikata, daga nan suka fara haɗa kai su uku ko huɗu a wuri ɗaya, suna ɗaukar ma'aikatan jinya da akawuna. Kwangilar 1990 ta sanya lada ga ɗakin da ya kai wani mizani wajen yi wa yara allura da yi wa mata awon bakin mahaifa. Ta 2004 kuwa ta faɗaɗa wannan lada zuwa ga bibiyar masu cututtuka masu daɗewa. Ta haka ne ɗakin jiran marasa lafiya ya zama wurin da yake neman mutane tun kafin su kwanta.

ABUBUWAN DA AKE YI

Ya kamata mai karatu ya san irin ayyukan da ake magana a kansu, domin a bakin mai ji suna kama da ƙananan abubuwa. Na farko shi ne na jarirai. Idan jariri ya kai mako 6 zuwa 8, likita yakan duba idanunsa da zuciyarsa da ƙugunsa, ya kuma tambayi uwar halin da take ciki a jiki da zuciya bayan haihuwa. Ana yi wa jariri allura a mako na 8 da na 12 da na 16, sa'an nan idan ya cika shekara, da wasu a gaba. Allura guda daga cikinsu tana kare shi daga cututtuka 6, ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa da shan-inna. Ana rubuta kome a cikin wani jan littafi da ake ba iyaye su ajiye. A wurare da dama kuma ungozoma takan zo ɗakin likitan a wata rana ta mako domin awon masu juna biyu.

Na biyu shi ne awon bakin mahaifa. Tun 1988 ake aika wa mata takardar gayyata a kai a kai, kuma a Ingila ana gayyatar 'yan shekara 25 zuwa 64. Ma'aikaciyar jinya ce take ɗaukar samfur cikin 'yan mintoci, a aika ɗakin bincike. Manufar ita ce a gano canjin da yake iya rikiɗewa ya zama ciwon daji, a kawar da shi shekaru kafin ya zama.

Na uku, wanda ya fi cin lokaci, shi ne bibiyar masu cututtukan da ba a rabuwa da su. Mai ciwon sukari akan kira shi aƙalla sau ɗaya a shekara, a auna jininsa don a ga yadda sukarin ya kasance a watannin baya, a gwada fitsarinsa saboda ƙoda, a cire masa takalmi a taɓa tafin ƙafarsa a ga ko yana ji. Wannan taɓa ƙafa da ake rainawa ita ce takan raba mutum da yanke ƙafa, domin mai sukari yana iya taka ƙusa bai sani ba, gyambo ya kama shi. Mai asma akan sa shi ya shaƙi maganinsa a gaban ma'aikaciyar jinya, don da yawa suna fesa magani a baki ba ya isa huhu. Mai hawan jini akan auna shi, a gyara masa ƙwaya, a duba ƙodarsa.

Ban da waɗannan, akwai allurar mura mai tsanani da ake yi kowace kaka ga 'yan shekara 65 zuwa sama da masu juna biyu da masu larura, da shawarar tazarar haihuwa, da taimakon masu son barin taba, da allurar matafiya. A Ingila kuma tun 2009 ana gayyatar masu shekara 40 zuwa 74 waɗanda ba a san su da wata cutar zuciya ko sukari ba, su zo awon lafiya sau ɗaya a shekara 5. Abin mamaki shi ne, mafi yawan wannan aiki ma'aikatan jinya ne suke yin sa, likita yana sa ido.

SIRRIN RAJISTA

Tambayar da ta kamata a yi ita ce, mene ne ya sa waɗannan ayyuka suke yiwuwa? Babban asibiti yana da injuna da ƙwararru fiye da ɗakin likitan iyali nesa ba kusa ba, amma akwai abin da ba shi da shi. Asibiti ya san waɗanda suka zo, likitan iyali kuwa ya san har waɗanda ba su zo ba. Idan yana da yara 100 a rajistarsa, aka yi wa 85 allura, yana iya buɗe littafi ya karanto sunayen 15 ɗin da suka rage, ya aika musu. Wanda ba shi da rajista sai dai ya ce ya yi wa yara 85 allura, ya yi murna, alhali bai sani ba ko daga cikin 100 ne ko daga cikin 1,000.

Babu wanda ya nuna ƙarfin wannan tunani kamar Julian Tudor Hart, wani likita da ya zauna a Glyncorrwg, ƙauyen masu haƙar kwal a kudancin Wales, daga 1961 zuwa 1987, yana kula da mutane kimanin 2,000. A ƙarshen shekarun 1960 ya ɗaura aniyar auna jinin kowane baligi a ƙauyen. Wanda ya zo da tari ko ciwon baya sai a auna shi, wanda bai zo ba a aika masa, wanda ya ƙi amsawa a bi shi har gida, har ya kai ga kusan kowa. Dalilinsa shi ne hawan jini ba ya sallama. Likitoci suna da wata ƙa'ida da suke kira ta rabi-rabi, watau a cikin masu hawan jini rabi ba su san suna da shi ba, a cikin waɗanda suka sani rabi ba sa shan magani, a cikin masu sha kuma rabi jininsu bai sauka yadda ake so ba. Mai jiran mara lafiya ya zo da ƙafarsa zai sadu da shi ne ranar da ɓarin jikinsa ya shanye.

Hart ya ci gaba da wannan bibiya shekara da shekaru, ya haɗa da masu shan taba da masu sukari da masu ƙiba. A 1991 ya buga sakamakon aikin shekara 25, inda aka ga mace-mace a ƙauyensa sun yi ƙasa da na wani ƙauye maƙwabci mai irin talaucinsa da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ne kuma a 1971 ya bayyana abin da ya kira dokar kulawa ta juye, cewa kyakkyawar kulawar likita takan yi ƙaranci a daidai inda aka fi bukatarta, kuma abin yakan fi muni inda aka bar lafiya a hannun kasuwa. Darasin da ke cikin rayuwar wannan likita shi ne, kayan aikinsa ba su wuce abin awon jini da kati da alƙalami ba, abin da ya ƙara a kai shi ne zama wuri ɗaya da naci.

SUKAR MASU SUKA

Ba zai zama adalci ba a ce duk abin da aka kira rigakafi alheri ne. Akwai masana da suke ganin an wuce gona da iri, kuma hujjojinsu masu nauyi ne. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara sakamakon gwaje-gwaje, ta duba batun awon lafiya na gama-gari a 2012, ta sake dubawa a 2019, ta ga cewa kiran lafiyayyun mutane a yi musu awon kome da kome bai rage mace-mace ba, ko na zuciya ko na ciwon daji. Abin da irin wannan awo yake ƙarawa shi ne yawan mutanen da aka laƙaba wa sunan cuta, da fargaba, da ƙwayoyin da watakila ba sa bukata. Daɗin daɗawa, ƙasa da rabin waɗanda ake gayyata awon 'yan shekara 40 zuwa 74 ne suke amsawa, kuma sau da yawa mai kula da kansa ne yake zuwa, wanda ya fi bukata yana can wurin neman abinci.

Haka nan tsarin lada na 2004 ya sha suka. An ce ya mai da likita akawu, idonsa a kan kwamfuta yana cike gurabe, alhali tsohuwar da ke gabansa ta zo ne da baƙin cikin mutuwar mijinta, shi kuwa yana tambayar ta ko tana shan taba. Wani bincike da aka buga a 2016 ya kwatanta Birtaniya da wasu ƙasashe masu arziki, bai ga alamar cewa tsarin ya rage mace-mace ba, kuma a wannan shekara yankin Sikotland ya yi watsi da shi.

Wannan suka gaskiya ce, amma ya kamata a lura da inda ta faɗa. Ta faɗa ne a kan laluben cuta a jikin mai lafiya ba tare da an san abin da ake nema ba, da kuma biyan lada a kan cike takarda. Ba ta taɓa allurar yara ba, ba ta taɓa saukar da hawan jini ko duba ƙafar mai sukari ba, domin amfanin waɗannan ya tabbata. Tun 1968 wasu masana biyu, Wilson da Jungner, suka rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya sharuɗɗan awon jama'a, daga ciki akwai cewa cutar ta kasance mai muhimmanci, tana da matakin farko da ake iya ganewa, gwajin ya zama wanda mutane za su yarda da shi, kuma akwai magani a hannu ga duk wanda aka gano. Ranar awon da ta cika waɗannan sharuɗɗa a riƙe ta da hannu biyu, wadda ba ta cika ba a sauke ta, a ba wa mai bukata lokacin. Ashe sukar gyara ce ga tsarin, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

INDA BANGO YA FARA TSAGEWA

Babbar barazanar da tsarin yake fuskanta a Birtaniya daga cikin gida take. Ɗakunan likitocin iyali su ne suke ɗaukar mafi yawan hulɗar jama'a da hukumar lafiya, amma rabonsu a kasafin hukumar bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Yawan ɗakunan a Ingila ya ragu daga fiye da 8,000 a wajajen 2010 zuwa ƙasa da 6,500, saboda ƙanana suna rufewa ko suna narkewa cikin manya. Kowane cikakken likita yana ɗauke da mutane fiye da 2,200 a kan matsakaici, alhali jama'a suna ƙara tsufa, mutum guda yana fama da cuta uku ko huɗu. Ganawa da likita takan kasance wajen minti 10, kuma rububin buga waya da ƙarfe 8 na safe don neman layi ya zama abin kuka a ƙasar.

Maganin da hukumomi suka fi karkata a kansa shi ne sauri, watau a ga mutum da wuri ko da wane ne zai gan shi. Abin da aka yi hasara a nan shi ne sanayya. Mutum ya zo yau ya ga wannan, wata mai zuwa ya ga wancan, kowa ya fara tambaya daga farko. Wasu suna ɗaukar sanin likita a matsayin abin marmari na tsofaffi masu begen zamanin da, amma bincike ya nuna ba haka ba ne. A 2018 Denis Pereira Gray da abokan aikinsa suka tattara bincike 22 daga ƙasashe daban-daban, 18 daga ciki suka nuna cewa waɗanda suke ganin likita guda a kai a kai sun fi ƙarancin mutuwa. Wani bincike na ƙasar Norwe da aka buga a 2022, wanda ya shafi mutane kimanin miliyan 4.5, ya nuna cewa wanda ya shekara fiye da 15 da likita guda haɗarin mutuwarsa ya yi ƙasa da kimanin kashi 25 cikin 100 idan aka kwatanta da wanda ya shekara ɗaya kacal. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Likitan da ya san mutum yakan lura ya rame tun kafin ma'auni ya faɗa, mutum kuma yakan gaya wa wanda ya sani abin da yake jin kunyar gaya wa baƙo, ya kuma sha maganin da ya ba shi.

Labarin ƙyanda ya isa misali. A 1998 wani likita mai suna Andrew Wakefield ya buga wata takarda da ta jefa shakku a kan allurar ƙyanda. Daga baya aka tabbatar da rashin gaskiyar aikin, aka janye takardar a 2010, aka kuma soke sunansa daga rajistar likitoci, amma kafin nan yawan yaran da ake yi wa allurar a Ingila ya faɗi zuwa wajen kashi 80 cikin 100, alhali ana bukatar 95 don a tare cutar. A watan Janairu na 2024 sai da hukumomi suka ayyana ɓarkewar ƙyanda a yankin Birmingham a matsayin larurar ƙasa. Uwar da jita-jita ta shiga kunnenta ba sanarwar gwamnati ce take kwantar mata da hankali ba, sai maganar ma'aikaciyar jinyar da ta yi wa 'ya'yanta na fari allura. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

ABIN DA YA SHAFI ƘASAR HAUSA

Mai karatu yana iya cewa, ina ruwan Kano da Katsina da abin da yake faruwa a Wales? Alaƙar tana nan ta fuska biyu. Ta farko, likitocin da aka horar a Nijeriya fiye da 10,000 ne suke cikin rajistar likitocin Birtaniya, kuma da dama daga cikinsu aikin likitan iyali suke yi, watau ƙasar da ba ta da isassun likitoci ita ce take toshe wa mai arziki ɓaraka. Ta biyu, Nijeriya ta daɗe da yin alkawarin gina kiwon lafiya daga tushe. Tana cikin tafiyar da taron Alma-Ata na 1978 ya ɗora duniya a kai, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya yi ƙoƙarin tabbatar da ita lokacin da yake ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, an kafa hukumar kula da lafiya a matakin farko a 1992, kuma dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin wannan aiki.

Kama da wane ba ta wane, babu mai hankalin da zai ce a sa likita a kowace unguwa a ƙasar da likitoci suke ƙaura. Amma an riga an ga cewa ko a Ingila ma'aikatan jinya ne suke riƙe da ranakun awo. Ƙasar Hausa tana da malaman asibiti da makarantun koyon aikin lafiya suke yayewa kowace shekara, kuma tun 2014 akwai manufar gwamnati ta miƙa musu wasu ayyukan da a da likita ne kaɗai yake yi. A 2020 an soma wani shiri a jihohin Kano da Ogun na kula da hawan jini a ƙananan asibitoci ta hannun irin waɗannan ma'aikata. Jama'a ma sun san ranar awo da katin rigakafi, sai dai kalmar awo a kunnen Bahaushe ta mai juna biyu ce, magidanci ɗan shekara 50 ba ya jin ta shafe shi. Idan kansa ya yi ciwo sai ya tsaya a kemis ya sayi ƙwaya, idan aka ba shi maganin hawan jini ya sha na wata guda ya ji sauƙi, sai ya ajiye, domin a saninsa magani abu ne da ake sha a warke.

Abin da ya ɓace shi ne rajista da bibiya. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A zamanin En'e dagatai da masu unguwanni suna da sunan kowane baligi domin haraji, ba wanda yake kuɓuce musu. A yaƙi da shan-inna, bayan dakatar da allurar da aka yi a Kano a 2003, sai da aka koma ga sarakuna da masu unguwanni aka bi gida gida, har aka kai ga ranar da aka tabbatar da kawar da cutar ta asali daga Afirka a watan Agusta na 2020. Al'ummar da ta iya ƙirga kawuna don karɓar haraji tana iya ƙirga su don auna jini. Kowane asibitin sha-ka-tafi ya kamata ya san gidajen da suke wuyansa, ya san yara nawa aka haifa a wannan wata, masu hawan jini nawa ne, wane ne bai dawo karɓar magani ba, sa'an nan a daina yi wa ma'aikata canjin wuri barkatai, a bar su su daɗe har su san mutane.

Sai dai dole a tuna da sharaɗin Wilson da Jungner. A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fitowa. Irin gangamin da akan yi na kwana ɗaya, a kafa rumfa a auna mutane a ɗauki hoto a watse, bai kai matsayin rigakafi ba. A gaya wa talaka yana da hawan jini, a sallame shi ba magani ba ranar dawowa, ƙarin damuwa kawai aka yi masa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kuɗin da dokar 2014 ta ware, da inshorar da dokar 2022 ta wajabta, a nan ne ya kamata a ga amfaninsu, watau ƙwayar hawan jini ta kasance a kan kanta kowane wata ba yankewa.

KAMMALAWA

An ga yadda ɗakin likitan iyali ya tashi daga wurin jiran marasa lafiya ya zama mai neman mutanensa, an ga ayyukan da yake yi, da sukar da ake yi masa, da kuma inda yake rauni a yau. Abin da ya fito fili shi ne, darajar ranar awo tana cikin sanin wanda bai zo ba da kuma sanin wanda ya zo. Birtaniya ta gina wannan cikin shekara fiye da 70, yanzu tana neman sakin sa saboda ƙarancin ma'aikata da son sauri. Ƙasar Hausa kuwa tana da gine-gine da ma'aikata da dokoki, abin da ya rage mata shi ne littafi da naci.

Shugabanni sun fi son buɗe sabon gini, domin gini ana ganin sa, ana yanka masa kyalle. Babu mai yin biki saboda magidancin da ɓarin jikinsa bai shanye ba, ko yarinyar da ƙyanda ba ta makantar ba. Amma idan ana son a auna kiwon lafiyar wata gunduma, a bar ƙirga gadajen asibitinta, a tafi ɗakin shan magani mafi nisa, a ce wa malamin ya kawo sunayen yaran da suka tsallake allurar watan jiya. Idan ya buɗe littafi ya karanto su, ya kuma faɗi ranar da zai je gidajensu, to, wannan gunduma tana da likitan iyali ko da babu mai digirin likita a cikinta.